Hanyar Ruwan Célestin

Na toshe wuriyar da ke gindin katangar bayan gidana, ruwan maƙwabcina ya rasa ta inda zai fita. Abin da ya faru ke nan. Ba wanda ya ruɗe ni, kuma an gaya mini abin da zai biyo baya, da baki, ina tsaye ina ji.

Wanda bai san Dogon Dutsi ba sai na yi masa bayani. Unguwarmu a gindin dutse take, ƙasar ta karkata daga gabas zuwa yamma. In aka yi ruwan sama, ruwan gidan da ke sama dole ya ratsa ta gidan da ke ƙasa kafin ya kai titi ya gangara kwari. Saboda haka duk katangar da ta raba gida biyu tana da ƴar ƙofa a gindinta, daidai wadda kaza za ta iya bi. Ita muke ce wa wuriya. Iyayenmu in za su ja katanga, tulu suke cikawa da ruwa su juye a ƙasa, su tsaya su ga inda ruwan ya nufa, nan za a bar wuriyar. Babu takarda, babu sa hannu. Na sama ya saki ruwansa, na ƙasa ya karɓa ya miƙa gaba. Ni ne na ƙasa da Célestin.

Célestin kafinta ne, Kirista. Ubansa daga ƙauyen Lugu ya zo yana saurayi, ya yi aiki gidan mishan, ya shiga addininsu. Shi da ubana suka juye tulun nan a tsakanin gidajenmu, mu muna yara muna kallo. Ni da Célestin tare muka shiga lakwal, makarantar boko, ni na yi aji biyu na gudu, shi ya zauna har ya iya lissafin katako a takarda. Ina ce masa Mompe, sunan da ake kiran limamansu, shi kuma yana ce mini Alhajin Wake, don ya san ban je Makka ba, kuma wake ne sana'ata. Shekara hamsin muna haka. Ranar salla matarsa Angèle ce ke taya matata Fati suyar nama, ranar bikinsu na Disamba kuma a gidana ake aron manyan tukwane.

Wake nake saye da kaka a ƙauyukan Ɗan Kassari da Sukukutane, in ajiye sai tsakiyar damina in ya yi daraja in fitar. A tsohon ɗakin ƙasa nake ajiya, har wata shekara danshi ya taso ta ƙasa ya ɓata mini buhunan da ke jere na farko kaf. Da na buɗe su wari ya kore ni. Ranar na yi rantsuwa sai na gina magaza ta bulo da siminti, ɗakin ajiya sosai, mai ƙofar ƙarfe. Da bazara na gina ta a bayan gida. Jibrilla magini ya ɗora bulo, Célestin ya hau ya buga katako da kwano, kwana biyu yana cikin rana. Da na kawo masa maganar ladansa sai ya ce in ba shi shayi mai sukari da yawa, in kuma daina ce wa ƙusarsa ta Kiristoci.

Da an tsaya nan, da yau ba ni da abin rubutawa.

Na taɓa kai wa wani babban ma'aikaci wake a Dosso, aka bi da ni ta bayan gidansa. Na ga fili a shimfiɗe da burji ja, sumul, an binne tsofaffin tayoyin mota rabi a ƙasa an shafe su da farin fenti sun yi layi, ƴar hanya ta tafi har ƙofar ɗakin ajiyarsa, ga lemo da mangwaro a gefe. Abin ya zauna mini a rai. Da magazata ta tsaya, fara tas, sai na ga filin da ke kewaye da ita kamar makwancin awaki: rami nan, tudu can, ga wata ƴar kwarkwaɗa da ruwan Célestin ya haƙa shekara da shekaru, ta fito daga wuriya ta bi ta daidai ƙofar magazar. Na ce wannan ba zai yiwu ba.

Amalanken jaki goma sha ɗaya na burji aka juye mini. Tayoyi na tsinto wajen masu faci a tasha. Jibrilla ya zo da siririn tiyonsa mai ruwa a ciki, wanda yake gwada daidaiton ƙasa da shi, ya yi ta zane a jikin katanga da gawayi. Da ya kai kan wuriya ya tsaya. Zanen ya wuce samanta da taƙi biyu.

Ya ce, "Malam Illo, in munka cika har nan, mun binne wuriyar Célestin."

Na ce, "Na gani."

"To a sa tiyo babba ta ƙarƙashi, shi ɗauki ruwan shi kai titi. Ko a bar mashi kwata, in yi mata siminti. Aikin yini guda ne."

"Ta ina za ta bi?"

Ya nuna da ƙafa. Ta ƙofar magaza.

Na ce, "Ruwan wani ba ya bi ta ƙofar wakena. Danshi na guda, kai kuma kana so ka shimfiɗa mani shi ƙarƙashi."

"Tiyo ba ya yoyo, Malam."

"Yau ba ya yoyo. Toshe ta. Shi buɗe wata ta wajen titinsu."

Jibrilla ya cire hula ya sosa kai. Ya ce wajen titinsu ya fi tsakar gidansu tudu, ruwa ba ya hawa sama, sai dai in Célestin zai fasa ɗakin kwanansa ya haƙa ta ƙarƙashi. Ya ƙara da cewa katangar nan ta ƙasa ce, tsohuwa, in aka jingina mata burji taƙi uku ta gefe ɗaya, nauyi ne aka ɗora mata wanda ba a gina ta dominsa ba. Na ce masa na ɗauko shi aiki ne, ban ɗauko shi wa'azi ba. Ya cusa duwatsu a wuriyar, ya shafe da siminti. Ina tsaye.

Wurin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Muka daddaɓe burjin ya kwanta. Tayoyi talatin da biyu, da hannuna na shafa musu fenti. Na dasa lemo biyu da mangwaro ɗaya, zogala a bayan magaza, sannan a bin katangar Célestin, tun daga wannan kusurwa har waccan, na jera lalle saboda Fati. Safe da yamma nake ba su ruwa, bokiti shida, a gindin katangar. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin inda ruwan nan yake shiga ba.

Ran da aka gama, Célestin ya shigo da yamma, fensir a bayan kunne. Ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Kai! Alhaji, ashe gidan gwamna muke maƙwabtaka da shi. A cire takalmi ko a shigo haka?"

Na ce, "Kai dai wanke ƙafa, Mompe."

Ya bi ƴar hanyar yana taka ta a hankali kamar amarya, yana ƙirga tayoyi, yana tambaya ko waken ma za a riƙa yi masa fifita. Muna dariya. Har ya kai bakin lalle. Na ga idonsa ya bi gindin katanga, ya tafi, ya dawo. Dariyar ta ɗauke.

"Illo, ina wuriya?"

In ya kira ni da sunana, to maganar ta daina zama wasa. Na ce tana nan ƙarƙashi, na rufe ta, na gaya masa dalili. Ya saurara har na gama. Ya ce, "To ruwan hwa? Ka gaya mashi?"

Na ce ya nemi wata hanya. Ya ce zai duba. Ya yaba lemon, ya fita.

Ruwan farko ya sauka a ƙarshen watan shida, ba wani mai yawa ba. Na fito ina duba filina, ko ɗigo bai kwanta ba, burji ya yi jajir, ganyen lalle ya wanku. Ta bayan katanga kuwa ina jin ƙarar roba tana kartar ƙasa. Angèle ce ke kwasar ruwa da baho tana kaiwa titi. Daga la'asar har aka kira magariba ina jin ta. Fati ta zo ta tsaya kusa da ni, tana saurare, sannan ta ce, "Malam, matar nan ta girme ni, kuma ka san ciwon bayanta." Na ce mata ta koma wajen tukunyarta.

Bayan kwana biyu Célestin ya yi sallama da wani dogon tiyo baƙi a kafaɗa, mai kaurin cinya. Shi ya sayo da kansa. Ya ajiye a ƙofar zaure.

Ya ce, "Ga shi. Ni zan haƙa, ni zan binne. Tayoyinka in cire su ɗaya-ɗaya in maida, in fenti ya goge in sake shafawa. Lalle uku kaɗai za a tumɓuke, su ma in dasa maka. Kai dai zauna bisa kujera kana ba da oda, abin da ka fi iyawa."

Na ce, "Yanzu sunka fara kamawa. In an taɓa saiwarsu sun mutu."

"Alhaji, gindin ɗakina ya jiƙe har nan." Ya nuna tsakiyar ƙwaurinsa. "Ɗakin ƙasa ne. In anka yi ruwan watan takwas haka, ɗakin nan ba ya kai kaka. Ciki muke kwana."

"Bari damina ta wuce mu gani."

Ya dube ni. Sai ya yi ƴar dariya, ya ce, "In damina ta wuce mi za mu gani, Illo?"

 Ya ce zai bar tiyon nan ko zan sake shawara. A zaurena ya kwana arba'in da wani abu, kullum ina tsallake shi in zan tafi masallaci.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan, don in ban faɗa ba labarin bai cika ba. A garin nan, wanda aka toshe wa wuriya, mai unguwa yake gaya wa. Ba a yin shari'a mai tsawo: dattawa biyu su zo, su duba, su ce a buɗe, a buɗe. Da Hamza mahauci na yi wa haka, da kafin rana ta faɗi an tara mini mutane a ƙofar gida. Fati ta gaya mini Angèle ta yi ta fama da mijinta ya je, har da kuka, ya ƙi. Ya ce gidan Kirista uku ne a unguwar nan, ubansa ya rayu ya mutu ba a taɓa jin muryarsa a ƙofar mai unguwa ba, shi ma ba za a fara ji a kansa ba, balle a ce ƙarar Illo ya kai. Da Fati ta gaya mini haka ban yi mamaki ba. Na san ba zai je ba tun ran da Jibrilla yake cusa duwatsun. Da wannan sanin na ce a toshe.

Watan bakwai ya wuce da ruwa kaɗan-kaɗan. Célestin ya jera buhunan rairayi a gindin ɗakinsa, ya haƙa rami a tsakar gida don ruwa ya riƙa taruwa a ciki su kwashe. Muna gaisawa. In na ce Mompe, yana cewa Alhaji, sai dai ba ya ƙara wake a kai.

Ranar Laraba ce, tsakiyar watan takwas. Tun azahar gabas ta yi baƙi. Muna fitowa sallar la'asar aka fara ruwa, kafin in kai gida dutse ya ɓace, ba ka ganin komai sai fari. Na wuce bayan gida kai tsaye, na buɗe magaza, na shafa ƙasa, na shafa buhuna. A bushe. Na tsaya a bakin ƙofa, ruwa na dukan kwano kamar ana zuba tsakuwa, ina kallon yadda yake gangare kan burjina ya bi ta gefe ya fita abinsa. Daɗi nake ji. Gara in faɗa.

Sai na ji murya ta bayan katanga.

"Illo! Illo! Kana nan?"

Na ce ina nan.

"Ruwa ya ci buhunan rairayin! Ya shiga ɗaki, bangon yana zubowa! Buɗe ta ta wajenka, don Allah, in fasa ta nan!"

Na ce, "Cikin wanga ruwa? Bari shi tsagaita!"

"Ba ya tsagaitawa! Illo!"

Diga tana jingine a cikin magaza, bayan ƙofa. Hannuna in na miƙa zai taɓa ta. Na dubi layin lallen, na dubi tayoyin, na ga yadda wurin zai koma in na sara shi cikin ruwa, ja da fari su cakuɗe. Na ce masa ya jira.

Bai jira ba. Na fara jin sara ta can gefen, dum, dum, a gindin katanga. Simintin Jibrilla yake fasawa. Na fito cikin ruwan ina ihu, "Kada ka taɓa mani katanga! Mompe, na ce kada ka taɓa!" Ina jin Angèle ita ma tana kiransa, tana cewa ya taso ya bar ɗakin ya faɗi.

Ban ji wata babbar ƙara ba. Layin lallen ne na ga ya motsa, duka tare, ya sunkuya wajen gabas. Burjin da ke ƙarƙashin ƙafata ya ja. Katangar ta kwanta can gefen a hankali, kamar raƙumi zai durƙusa, sai ga tsakar gidan Célestin a gabana, tabki guda, kujeru da kwanoni suna yawo a kai. Ruwan ya taso ya zo mini har gwiwa. Inda nake jin saran babu kowa, sai tulin jar laka.

A durƙushe Célestin yake lokacin da katangar ta same shi, kansa a ƙasa, yana neman bakin wuriyar da hannu. Wata biyu ina jiƙa gindin katangar ta wajena, ruwansa yana jiƙa ta ta wajensa, burjina yana tura ta. Ta wajensa kaɗai za ta iya faɗuwa.

Da hannu muka tona, ni da Angèle da Fati, kafin maƙwabta su ji kururuwa su shigo. Na cire taya biyu daga kansa. Na tumɓuke lallen na jefar. Ƙeyarsa muka fara samu, Angèle ta tallafo fuskarsa daga cikin ruwa ta share masa laka a hanci da bakin zanenta. Yana numfashi. Da muka yaye ƙasar daga bayansa ya buɗe ido ya ce a cire masa abin da ke kan ƙafafunsa. Babu komai a kan ƙafafunsa, mun riga mun kwashe.

A kan ƙyauren ɗaki muka ɗauke shi. Asibitin gari suka ce Dosso, Dosso suka ce Yamai. Ƙashin baya ne, ƙasa da tsakiya. Likita ya gaya wa ɗansa Élisée, wanda ke aikin koyarwa a can, cewa daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai haƙuri.

Kashegarin faɗuwar katangar da safe na ɗauki digar nan. Na ja tiyon daga zaure, na haƙa daga inda wuriya take har titi, ta ƙofar magaza, na binne. Ni kaɗai. Na fara da hantsi, kafin a kira azahar na gama har na wanke hannu. Ɗakin nasu kuwa bai faɗi ba. Da ruwan ya samu hanya, bango ɗaya ne ya zube rabi, Jibrilla ya gyara shi cikin kwana uku. Ko kallona bai yi ba.

Ƴan sanda sun tambaya, don asibiti sun rubuta. Célestin ya ce musu katanga ce ta jiƙe, shi kuma ya yi wautar sara a gindinta cikin ruwa. Élisée ya zo har ƙofar gidana, yaron da aka raɗa wa suna ina zaune, ya tsaya bai yi sallama ba.

Ya ce, "Baba Illo, tiyon da babana ya sayo, kwana nawa ya yi a zaurenka?"

Na ce, "Arba'in da shida."

"Ka ƙirga ke nan."

"Na ƙirga."

Ya ce zai kai ni kotu ko da aikinsa zai tafi a kai. Na ce masa ya kai, ba zan musa komai ba. Uban ya hana shi daga kan gadon asibiti, ya ce in ya kai, kada ya zo kan kabarinsa. Mai unguwa ya aiko dattawa biyu, suka zo suka tarar da tiyo a binne, ruwa yana bi. Suka ce to, Allah ya kyauta gaba, suka tafi. Ba wanda ya hukunta ni. A masallaci ma ba a matsa daga kusa da ni ba.

Bayan wata uku aka dawo da shi gida. Élisée dole ya koma bakin aiki. Mutum mai nauyi ne Célestin, Angèle kuma ga bayanta, ba ta iya ɗaga shi. Safiya ta uku Fati ta dawo daga gidan ta ce mini tun jiya yana kwance a gefe ɗaya, an rasa mai juya shi. Na tashi na shiga. Katangar ban sake gina ta ba, zana na kafa, sai na ɗage ta na wuce.

Angèle tana bakin ƙofa. Na gaishe ta, ta amsa. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, sannan ta matsa gefe.

Yana kan katifa a ƙasa, fuskarsa wajen bango. Ɗakin yana warin magani da fitsari. Na durƙusa, na rasa ta inda zan fara. Na shirya magana tun daga gida, ta gudu.

Ya ce, "Wa ke nan? Wanga numfashi kamar na sa, Alhaji ne."

Na ce, "Ni ne."

"To mi kake jira? Kama nan, ƙarƙashin hammata. A hankali, ba buhu ba ne."

Na juya shi. Na ga bayansa. Na ce, "Célestin, ni na..."

Ya ce, "Na sani. Ina wurin." Ya maida numfashi. "Sa mani matashin nan tsakanin gwiwa. Ba na ji, amma Angèle ta ce likita ya ce a sa."

Iyakar maganar da muka yi a kai ke nan, har ƙarshe. Na so ya zage ni. Wata rana na ce masa ya ce wani abu mana, ko Allah ya isa ne. Ya ce shi ba ya da ƙarfin da zai yi mini wannan aikin ma, in nemi wani.

Kullum bayan sallar asuba nake shiga, da azahar, da kuma bayan la'asar. In ɗaga shi Angèle ta canja shimfiɗa, in fito da shi inuwa, in maida shi. Na bar zuwa ƙauye sayen wake, wani nake aikawa. Ran Lahadi mutanen majami'arsu suna zuwa su yi waƙa a tsakar gida, ni in koma bayan zana in zauna har su gama. Wani lokaci yana sa a kawo masa guntun katako da abin fiƙe, ya ɗora a ƙirji yana gogewa, ba don ya yi komai da shi ba. Angèle ba ta taɓa ce mini kalma ɗaya da ta wuce amsa gaisuwa da "ɗaga" da "ajiye" ba. Abincin da Fati ke kaiwa tana karɓa. Wanda na sayo da hannuna, nama ko lemon kwalba, sai in tarar da shi a bakin zana da safe.

Gyambon baya ne ya ci shi. Tun yana kamar bakin kofi har ya kai tafin hannu, har ana ganin fari a ciki. An koma da shi asibiti sau biyu. Da damina ta zagayo zazzaɓi ya kama shi, ya riƙa sauka yana dawowa, ya daina cin abinci sai kunu cokali uku. Ya daina tsokana. Wata rana da azahar ina ɗaga shi ya ce mini, "Illo, na gaji," a hankali, kamar mai gaya mini farashin ƙusa.

Shekara ɗaya da wata biyu ya yi a kwance. Ya rasu ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan gero, yana da shekara hamsin da bakwai. Da aka kawo akwatin, mutanen majami'a huɗu suka matso za su kama. Angèle ta ce su bari, akwai wanda ya saba. Na sa hannu ɗaya ƙarƙashin wuyansa, ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinsa, na ɗauke shi ni kaɗai. Ban ko yi nishi ba.